Yadda Ake Fentin Tsohon Katako a Bodin Ƙaramar Motar Kwaikwayo

Duk wanda ya tashi a Katsina ya san motar kara. Da ita muka fara: a fere karan dawa, a soka tsinke, a yanko tsohon silifa a yi taya. Ni daga nan hannuna ya wuce zuwa ƙananan motocin roba da ake sayowa a kwali a harhaɗa, waɗanda ake ƙerawa bisa ma'auni, 1:24 ko 1:35, wato santimita ɗaya a jikin ƙaramar yana tsaye a madadin 24 ko 35 a jikin babbar. A cikinsu babu wadda ta kama raina kamar motar kaya mai bodin katako, irin tsofaffin Bedford da Mercedes 911 da ke ɗebo shanu daga kasuwar Mai'aduwa ko buhunan hatsi daga ƙauye. Kuma a jikin irin wannan mota babu abin da ke kayar da sabon shiga kamar katakon.

Abin da kusan kowa ke yi shi ne ya ɗauko fenti ruwan ƙasa ya shafe bodin gaba ɗaya, ya ce ai katako ke nan. To, katakon da ya sha ranar Katsina ba ruwan ƙasa ba ne. Zafin hasken rana yana cinye sinadarin da ke riƙe zaren itace a fatarsa ta waje, ruwan damina ya zo ya wanke abin da ya ruɓe, sai a bar zare mai launin toka, fari-fari kamar furfura. Ruwan ƙasa yana saura ne kawai a inda rana ba ta kai ba, ko inda buhu da ƙafa ke gogewa kullum suna fito da sabon itace. Idan ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Kayan aiki

Motar da kanta. Kamfanin Emhar yana da Bedford mai bodin katako a ma'aunin 1:24, Tamiya kuma yana da motar kaya ta Jamus mai ɗaukar tan 3 a 1:35. Duk ta intanet ake samo su, ko ta hannun mai zuwa waje. In ba ka da ko ɗaya, bodin da ka yanka da kanka ma ya isa, zan zo kansa a ƙasa.

Fentin ruwa, wanda ake kira akirilik. Kala huɗu sun wadatar: fari, baƙi, ruwan toka mai haske, da launin rairayi. A fentin Tamiya lambobinsu XF-2, XF-1, XF-19 da XF-57. In babu, akirilik na ɗaliban zane da ake sayarwa a shagunan littattafai yana yi, sai dai ya fi kauri, dole ka ƙara masa ruwa ka yi haƙurin shafi biyu ko uku.

Fentin mai na masu zane, na cikin ƙaramin tub: ruwan ƙasa mai duhu kamar garin gahawa, ja-ja irin na jar ƙasa, baƙi da fari. Tub ɗaya zai kai ka shekaru.

Ruwan tsarma fentin mai, mara ƙarfi, wanda ake ce wa wayit sifirit. Idan ya gagara, kananzir mai tsabta zai riƙe maka, amma yana da maiƙo kuma yana jinkirin bushewa, don haka ka ƙara kwanakin jira. Tinan masu fentin mota kuwa kada ya kusanci aikinka, haka ma fetur. Tina yana narkar da robar nan take. Na taɓa rasa bangon bodi guda ta haka, bayan na yi mako ina aiki a kansa, ina kallo falankan suka yi laushi suka lauje.

Sai ƙananan kaya: burushi mai faɗi guda biyu, ɗaya sabo ɗaya tsoho da gashinsa ya taurare ya warwatse, siririn burushi mai tsini, sampepa mai kaushi lamba 120 da mai laushi lamba 600, guntun bakin zarton yankan ƙarfe, reza, allura, tsinken sakace, guntun soson katifa, audugar goge kunne, fensir, kwalin banza, banish mara sheƙi, da roba mai murfi wadda motar za ta shige cikinta duka. Wannan robar kada ka raina ta.

1. Je ka duba mota ta gaske

Kafin ka buɗe fenti, ka nufi inda manyan motoci ke sauke kaya, wajen Babbar Kasuwa ko kowace tashar lodi. Ka sami direba ko yaron mota ka gaishe shi yadda ya kamata: «Baba direba, sannu da aiki, don Allah ina son in ɗauki hoton bodin nan.» Ban taɓa ganin wanda ya hana ba in an yi masa bayani. Ka ɗauka daga nesa, sannan ka matso har wayarka ta kusa taɓa falanki.

Abin da za ka nema: falankin sama ya fi kowanne fari, domin shi ke shan rana. Na ƙasa ya yi duhu da laka da baƙin mai. Kewaye da kan kowane noti akwai baƙin da'ira, daga ita kuma wani siririn layin tsatsa ya gangaro ƙasa. Bakin falanki, wurin da zarto ya yanka, ya tsage ya yi duhu saboda ta nan itace ya fi shan ruwa. Inda igiya ke bi ya yi santsi ya lotsa. Kusan kullum za ka tarar da falanki ɗaya sabo a tsakiyar tsofaffi, wanda aka canza bayan wani sa ya karya na da. Wannan falanki ɗaya shi ke sa mai kallo ya yarda da sauran.

2. Fitar da jijiyar katako a jikin roba

Jijiyar katako ita ce siraran layukan da ke bin tsawonsa. Wasu motocin suna zuwa da ita a zane, amma sau da yawa ta yi kauri fiye da ƙima, wasu kuma sumul suke zuwa. Ka wanke ɓangarorin da ruwa da sabulu tukuna, ka bar su su bushe.

Yanko sampepa lamba 120 daidai faɗin falanki ɗaya. Ja shi daga wannan baki zuwa wancan, ta hanya ɗaya, sau biyu ko uku. Kada ka yi gaba da baya, kada ka kewaya. Kowane falanki a yi masa nasa jan, domin idan layi ɗaya ya tsallaka daga falanki zuwa maƙwabcinsa, asiri ya tonu cewa roba guda ce. A kan biyu ko uku da kake son su fi tsufa, ka ja haƙoran zarto a kwance, a hankali, kana ɗan karkata hannu don layin ya yi lanƙwasa. Da allura ka tsaga gajerun tsagu daga bakin falanki zuwa ciki. Da reza ka ɗan ɓantare gefen ƙyauren baya, inda 'yan dako ke jan buhu. Daga ƙarshe ka bi da lamba 600 sama-sama don kawar da gashin roba da ya tashi.

Ka tuna da ma'auni. Falanki mai faɗin santimita 20 a mota ta gaske, a 1:24 milimita 8 ne da ɗan kaɗan, a 1:35 kuwa kusan 6. Tsagar da ka yi mai faɗin milimita ɗaya a 1:24, a mota ta gaske yatsa zai shige ta har da saura. Saboda haka hannu ya yi sauƙi.

3. Shafin farko

Fenti ba ya kama roba tsirara da kyau. Ka fesa firaima, wato fentin share fage da ke sa sauran fenti ya kama, mai ruwan toka, daga nesan taƙi ɗaya da rabi, feshi mara nauyi, a waje inda iska ke wucewa. Idan na gwangwanin masu mota ne kawai ka samu, ka yi masa raɓa-raɓa sau biyu da tazara, kada ya jiƙe har ya kwanta, in ba haka ba zai ci robar ya kuma cike layukan da ka sha wahalar zanawa. A bar shi ya kwana.

4. Launin ƙasa, wato wanda sauran za su hau kansa, kowane falanki da nasa

Haɗa launin rairayi da ruwan toka rabi da rabi, ka ɗiga fari. Abin da kake nema shi ne launin tsohon karan dawa da ya shekara a darni. Ya kamata ya yi maka haske fiye da yadda kake so, domin duk abin da zai biyo baya duhu zai ƙara.

Shafe bodin duka da wannan. Bayan ya sha iska, ka raba sauran haɗin gida uku a murfin kwalba: ɗaya ka ƙara masa fari, ɗaya toka, ɗaya ɗigon baƙi wanda bai kai kan tsinke ba. Ka bi falankan ɗaya bayan ɗaya kana sauyawa, ba a jere ba. Na sama su sami mai haske. Falankin nan sabo a ba shi launin rairayi zalla. A wannan mataki bodin zai yi kama da tabarma mai ratsi, kada hankalinka ya tashi, zai haɗe daga baya.

Fentin Tamiya yana tsarmuwa da sifirit na kemis idan ba ka da nasa ruwan. Na Vallejo kuwa ruwa kawai yake so, sifirit yana sa shi ya dunƙule kamar kindirmo. A lokacin hunturu fentin ruwa yana bushewa a bakin burushi kafin ya isa jikin mota. Maganinsa: jiƙa soso ka sa a faranti, ka shimfiɗa takardar gasa burodi ko ta kek a kai, ka zuba fentin a kanta. Zai yi awanni bai daskare ba.

Ka ba shi kwana ɗaya cur. Fentin ruwa yana bushewa a ido cikin minti goma, amma bai ƙanƙame ba sai ya kwana.

5. Jijiya da fentin mai

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne dalilin haɗa fenti iri biyu. Ruwan tsarma fentin mai ba ya taɓa akirilik da ya riga ya ƙanƙame, don haka kana iya shafawa ka goge, ka sake shafawa, launin ƙasa yana nan daram.

Matso ɗan fentin mai ruwan ƙasa mai duhu a kan kwali, gwargwadon ƙwayar wake, da ɗan fari da ɗan baƙi a gefe. Ka bar su rabin awa zuwa awa ɗaya. Za ka ga kwalin ya tsotse man ya yi da'ira. Wannan yana sa fentin ya bushe da wuri kuma ba zai yi ƙyalli ba. Wanda ya tsallake wannan, bodinsa zai yi mako yana danƙo.

Ka gauraya ruwan ƙasan da ɗan fari da baƙi har ya koma toka-toka mai ɗumi. Da sabon burushi ka ɗiga shi jefi-jefi a kan falanki ɗaya, ka baza. Sai ka ɗauki tsohon burushin nan mai taurin gashi, a bushe, ka ja daga baki zuwa baki. Gashin zai kwashe fentin a wasu wurare ya bar shi a wasu, kuma a gabanka za ka ga roba ta koma itace. Ka goge burushin a tsumma bayan kowane ja. Idan ya yi duhu, ka ɗan taɓa burushin a ruwan tsarmi, ka matse shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka sake ja. Ni dai a ganina kashi mafi yawa na fentin da aka sa a nan kwashe shi ake yi, abin da ya rage a cikin layukan shi ne aikin.

Idon katako, wurin da reshe ya fita, ana yin sa da tsinken sakace: ɗigo ɗaya mai duhu, sannan a ja burushi ya kewaye shi ta sama da ƙasa kamar ruwa ya sami dutse a hanya. Biyu ko uku sun isa bodi guda. Na sha ganin aiki mai kyau da aka lalata da idanu a kowane falanki.

Da ka gama, ka saka shi cikin roba ka rufe, ka ɗan ɗaga murfin da tsinke don iska ta shiga. Ƙurar hunturu idan ta sauka a ɗanyen fentin mai ba ta fita, sai dai a wanke komai a koma baya. Kada kuma ka kai shi rana don ya yi sauri. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma siririyar roba tana lanƙwashewa a kan dakali. Kwana biyu zuwa uku a inuwa. Ka gwada da yatsa ta ƙarƙashin bodin, in bai kama ba, ka fesa banish mara sheƙi shafi ɗaya mara nauyi don kulle abin da ka yi.

6. Idan bodin mai fenti ne

Yawancin motocinmu ba a barin katakonsu tsirara ta waje. Ana yi masa kore, ko shuɗi, ko rawaya, a zana tsuntsu ko zaki, a rubuta «Allah gatan kowa» a goshi. Shekaru su zo su ɓare fentin, tsohon katako ya leƙo ta ƙasa. Ana yin wannan da feshin gashi na mata, irin wanda ke sandarar da gashi ya tsaya. A kan banish ɗin da ya bushe, fesa shi shafi biyu marasa nauyi. Bayan minti goma sha biyar ka sa fentin ruwa na kalar da kake so, siriri, gara da feshi in kana da injinsa, in kuwa da burushi ne to ja ɗaya ba maimaitawa. Da ya bushe a ido, kada ka bari ya kwana, ka jiƙa tsohon burushi da ruwa ka shafa wurin, ka jira kaɗan, ka fara gogawa bisa tsawon falanki. Ruwan zai ratsa ya narkar da feshin gashin, fentin ya riƙa ɓarewa ɓarɓashi-ɓarɓashi. Tsinken sakace yana ba da ƙarzuwa doguwa.

Ka ɓare a gefuna, da kewayen noti, da falankin sama, da matakin da yaron mota ke takawa. Tsakiyar falanki yakan riƙe fentinsa. Kuskuren da ake yi shi ne yawan feshin gashi ko yawan ruwa, sai fentin ya taso falle guda.

In babu feshin gashi, gishiri yana yi: jiƙa wurin kaɗan, barbaɗa gishiri mai gari da mai tsakuwa, bari ya bushe, fesa fenti, sannan ka karkaɗe. Sai dai tabonsa zagaye yake fita, ya fi dacewa da ƙarfe. A katako ka bi shi da sampepa lamba 600 ta tsawo don ya miƙe. Hanya ta uku ita ce ta juyawa: a yi fentin kalar duka, sannan a dangwala guntun soso a launin katako, a matse a kwali har ya kusa ƙarewa, a riƙa taɓa gefuna.

7. Tsararo a tsakanin falankai

Tsarma fentin mai mai duhu, kashi ɗaya fenti, kusan kashi goma ruwa, ya zama kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Da siririn burushi ka taɓa ramin da ke tsakanin falankai, shi da kansa zai gudu ya bi layin. Haka a tsagu da kewayen noti. Kada ka wanke bodin duka da shi, zai kashe furfurar da muka fito nema. Abin da ya fantsama, bayan minti goma ka ɗauke da audugar kunne mai ɗan laima.

8. Furfura, tsatsa da gurbin hannu

Haɗa fari da ɗan toka na fentin ruwa. Dangwala busasshen burushi mai faɗi, ka goge a kwali har ka ga kamar babu komai a jikinsa. Sannan ka shafa saman falankai a hankali. Tudun jijiya kawai zai kama. Ka fi yi a falankin sama da gefunan da ke kallon sama, ka rage kana gangarowa.

Tsatsa: ɗigon fentin mai ja-ja a ƙarƙashin noti, ƙarami kamar kan allura, sannan ka ja shi ƙasa da burushi mai laima har ya ɓace a hankali. Ruwa ƙasa yake bi ko da falankin a kwance yake, saboda haka wannan ne kaɗai layin da aka yarda ya gitta jijiya. Ba kowane noti ba, kuma tsawonsu ya bambanta. Baƙin da'irar nan ta kewayen noti, wadda ƙarfe ke haifarwa idan ya haɗu da ruwan itace, ana yin ta da tsararon baƙi.

Daɓen bodi kuma labarinsa daban. Tsakiyarsa, daga ƙyaure zuwa ciki, ya gogu ya yi ɗumi, don haka ka ɗan shafa launin rairayi a can. Kusurwoyi su yi duhu. Motar shanu daɓenta duhu ne kusan duka, mai tabo-tabo. Ƙarafan da suka ɗaure bodin, ka goga bakin fensir a gefensu, za su yi ƙyallin ƙarfen da hannu ya saba da shi.

9. Idan da katako na gaske za ka yi

Sandunan askirim da aka fere suka yi siriri suna yin bodi mai kyau a 1:24, a manna da farin gam na kafinta. Wannan ba ya son fenti, rini yake so. Ka zuba ruwan khal a kwalba, ka jefa soson ƙarfe mai laushi irin mai tsatsa, ko ƙananan ƙusoshi. Soson wanke tukunya mai ƙyalli ba ya yi, domin ba ya tsatsa. Kada ka ɗaure murfin, haɗin yana fitar da iska. Bayan kwana biyu ko uku ka tace. Shafa wa sandunan shayi mai kauri tukuna, su bushe, sannan ka bi da ruwan kwalbar. Cikin mintuna za su rine su koma toka, ta hanyar nan da ƙusa ke baƙanta falanki a mota ta gaske. Ka gwada a guntu, in ya yi baƙi da yawa ka ƙara ruwa. Muhimmin abu: a rina kafin a manna. Duk inda gam ya taɓa, rini ba ya shiga, sai ka ga farin tabo a kowace mahaɗa. Ka danne su da littafi mai nauyi yayin bushewa don kada su lanƙwashe.

Wani abu a gefe, ga mai son motocin Turawa masu katako a jiki, irin Morris Minor Traveller da aka ƙera a Ingila daga 1953 zuwa 1971: nasu katakon mai banish ne, ruwan zuma. Matakai na 4 da na 5 haka za ka bi su, sai dai launin ƙasa ya zama rairayi zalla, a rufe da Tamiya X-26 mai ruwan goro wanda ake gani ta cikinsa, a bar furfura da baƙi a mahaɗai kawai, inda banish ya fashe ruwa ya shiga.

10. Banish da ƙura

Bayan kwana biyu, fesa banish mara sheƙi na ƙarshe. Tsohon katako ba ya ƙyalli ko kaɗan. A watan Agusta ka kiyayi feshi ranar da aka yi ruwa, laimar iska tana sa banish ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Ka jira rana ta buɗe.

Ƙura ita ce ta ƙarshe, kuma ba sai ka saya ba. Ɗebo busasshiyar ƙasa daga bakin hanya, ja ko fara gwargwadon inda kake son a ce motar ta fito, ka daka, ka tace da matacin shayi, ka sake tacewa da tsohon ɗankwali har ta zama kamar hoda. Da busasshen burushi mai laushi ka tura ta cikin kusurwoyin daɓe, da kan ƙarafan da ke kwance, da falankan ƙasa na bayan taya. Ka hure abin da ya yi yawa. Inda kake son ta zauna, ka taɓa gefen wurin da ɗigon ruwan tsarmi, zai ratsa ya riƙe ta ba tare da ka motsa ta ba. Kada ka sake fesa banish a kanta, zai haɗiye launin. Daga nan sai ka riƙa ɗaukar motar ta ƙarƙashi, ka mayar da ita cikin roba ta kwana kafin ka ɗora bodin a kan shasi.